Kurakuran da ke kai takin gona da laka cikin kogin Isa

Nijar ba ta da teku, amma ruwan da ya bar gonakin Yamai bai tsaya nan ba, domin kogin Isa, wanda ya taso daga tsaunukan Gini, yana tafiyar kimanin kilomita 4,200 kafin ya zuba a tekun Atlantika ta Najeriya. Wanda yake son ganin ƙarshen irin wannan ruwa sai ya dubi Ostireliya, inda shingen murjani (ƙananan halittu masu gina duwatsu a cikin teku) mafi girma a duniya, mai tsawon kusan kilomita 2,300, yake fama da abin da koguna ke kwasowa daga gonakin rake da makiyayar shanu na jihar Queensland. Laka tana tare hasken da murjani yake rayuwa da shi, taki kuma yana ciyar da gansakuka da wata halittar ruwa mai ƙayoyi da ke cinye murjanin. A wurinmu abin da ake gani shi ne kogi yana cikewa da yashi, kainuwa tana rufe ruwa, masunta suna kuka da ƙarancin kifi, kuma tushen matsalar ɗaya ne.

Kuskuren da ya fi cin kuɗin manomi shi ne watsa taki idan hadari ya haɗu, da tunanin cewa ruwan sama zai shigar da shi ƙasa. Yayyafi yana iya yin hakan, amma ruwa mai ƙarfi a kan ƙasar da ta yi ɓawo gangarawa yake yi, ya tafi da takin cikin ƙorama. Gyaran shi ne a sa taki bayan an yi ruwa, ƙasa tana da danshi, a kuma rufe shi. Ga mai gero, masu binciken cibiyar nazarin noma ta ICRISAT da ke Sadore, kusa da Yamai, sun daɗe suna ba da shawarar ɗan taki a kowane rami, gram 6 na takin NPK ko gram 2 na takin DAP, abin da bai wuce ɗan tsunkule da yatsu ba. A fadamun shinkafa irin na Saga da Kirkisoye da ke Yamai, kuskuren yana zuwa da wata siffa: ana zuba takin ure gaba ɗaya, ruwa yana gudana, mafita a buɗe. Ure yana narkewa nan take, saboda haka ya kamata a rage ruwan fage, a toshe mafita na ƴan kwanaki, a kuma raba takin kashi biyu ko uku gwargwadon girman shuka. Ni a ganina, ko wanda bai damu da kogi ba, farashin buhu ya isa ya sa shi ya yi haka.

Wani kuskuren ya shafi zaizayar ƙasa, kuma ya fi wuyar ganewa domin masu yin sa aiki suke yi tuƙuru. Idan ƙorama ta fara cin gona, sai a garzaya a jibge buhunan yashi a bakinta, alhali ruwan ya riga ya tara ƙarfinsa tun daga faƙon da ke kan tudu. Abin da aikin farfaɗo da ƙasa na Keita a jihar Tawa, wanda aka fara a 1984, ya nuna shi ne daga sama ake farawa, da jerin duwatsu da tassa (ƙananan ramukan shuka masu tara ruwa) da rabin wata (ramuka masu siffar rabin wata), a riƙe ruwa inda ya sauka. Nan ma akwai inda ake kuskurewa. Bakin rabin wata dole ne ya fuskanci tudu, layukan kuma a sassaɓa su yadda ruwan da ya tsere tsakanin biyu zai faɗa cikin na ƙasansu. Jerin duwatsun da aka ja da ido kawai, ba tare da an auna da tiyon ruwa an bi inda ƙasa ta daidaita ba, tattara ruwa yake yi gefe guda, ya haƙa sabuwar ƙorama.

Kwashe kara gaba ɗaya bayan girbi yana barin gona tsirara ga iska da ruwan farko na damina. Kara kuɗi ne a kasuwannin Yamai, ba a musu, amma a bar wani kaso a shimfiɗe, a kuma kyale tohon gawo da sabara ya tashi lokacin sassabe. Masu lambun bakin kogi kuwa su daina noma har gaɓa, su bar zirin gamba ko jema wanda zai tace laka, kuma kada a tara takin dabbobi a inda ambaliya ke kaiwa.

Sai maganin feshi. Ana yawan ganin mai lambu yana wanke famfon feshinsa a cikin kogi ko magudanar fadama, ƴan taku kaɗan daga inda mata ke wanki, yara ke wanka. Ƙa'idar ita ce a ɗauraye kwalbar maganin sau uku, a juye ruwan ɗaurayar cikin famfon, a fesa shi a kan shukar, sannan a huda kwalbar don kada wani ya ɗauka ya zuba mai ko ruwan sha a ciki.