Yadda ake zana kurmi da gaɓar teku da fentin mai, kore bai cinye zanen ba

Zanen kurmi na farko da na yi yana nan har yau, na juya fuskarsa ga bango. Kwana uku na yi a kansa, ganye bayan ganye, da kore ɗaya tak da na matso daga bututu. Da na ja da baya na duba, sai ga wani labule kore shar, babu kusa babu nesa, babu rana babu inuwa. Ido ne ya ce min komai kore ne, ni kuma na yarda da shi.

Yankunan zafi, wato ƙasashen da ke tsakanin digiri 23.5 arewa da digiri 23.5 kudu da layin da ya raba duniya biyu, abu biyu suke wahalar da mai zane da shi: kore ya yi yawa, haske kuma ya yi ƙarfi. Duk matakan da zan kawo, waɗannan biyun suke kewayawa.

Mataki na farko: haɗa kaya, amma kaɗan

Launi bakwai ko takwas sun ishe ka. Sunayen da kamfanoni ke liƙawa sukan bambanta, don haka ka riƙa duba lambar sinadarin da ke jikin bututun. Ka nemi farin titaniyom, PW6. Rawayar kadmiyom, PY35. Rawayar ƙasa, PY43 ko PY42. Jar ƙasa mai kamar ƙonanniya, PBr7. Ja ɗaya mai sanyi da ya karkata ga shunayya. Shuɗin altramarin, PB29. Sai kore ɗaya mai ƙarfi, PG7 ko PG18. Baƙi ma yana da amfani, zan faɗi inda yake shiga.

Sai burushi masu tauri guda huɗu ko biyar, akasarinsu masu faɗi, da siriri ɗaya. Wuƙar haɗa fenti, allon haɗa launi, tsummoki, ɗan man linsid, wato man da ake haɗa fentin mai da shi, da ruwan sirka fenti marar wari sosai. Abin da za ka yi zane a kai, idan waje za ka fita, gara ɗan falankin katako mai santimita 20 da 25 ko 25 da 30 a kan babban ƙyalle. Iska tana wasa da ƙyalle, rana kuma tana ratsa shi ta baya ta ɓata maka gani.

Mu na yanzu mun huta. Sai a 1841 wani mai zane ɗan Amurka, John Goffe Rand, ya ƙirƙiro bututun da ake matsawa. Kafin nan a mafitsarar dabba ake ƙulle fenti, a huda a matsa, saura ya bushe.

Mataki na biyu: kashe farin allon

Bayan ka shafa farin share fage, wato farin da ake fara rufe falanki ko ƙyalle da shi, sau biyu ya bushe, kada ka fara zane a kan farin. Ɗebo jar ƙasa kaɗan, ka sirka ta sosai, ka shafe allon duka, sannan ka goge da tsumma har ya zama kamar an wanke shi da ruwan laka. Ka yi haka kwana biyu kafin ka fita. Ja kishiyar kore ce, duk inda ta ɗan leƙo tsakanin ganyaye sai koren ya farka. Kuma farin allo a tsakar rana kashe ido yake yi, ba za ka iya auna komai da shi ba.

Mataki na uku: wuri da lokaci

Da tsakar rana a yankin zafi rana kan tsaya kusan tsakar ka, inuwa ta taru a gindin kowane abu, launi ya koɗe. Armando Reverón, mai zane ɗan Benezuwela da ya koma bakin teku a Macuto a 1921, wannan hasken ya sa wa ido, har daga tsakiyar shekarun 1920 zanensa ya koma kusan fari fat, bishiyoyin kwakwa suna narkewa cikin ƙyalli. Gaskiya ya faɗa game da hasken, amma ba nan mai koyo zai fara ba. Ka fita da sassafe ko da la'asar, lokacin da inuwa ta miƙe ta kwanta.

Sa'a biyu kake da ita, ba ƙari. Rana tana gusawa digiri 15 a kowace sa'a, inuwar da ka fara da ita ba za ta jira ka ba. Kusa da layin da ya raba duniya biyu kuwa, daga faɗuwar rana zuwa duhu minti 20 ne da 'yan kai. Saboda haka ka zana iyakar inuwa tun a farko, ka riƙe ta, ko da ta gudu a fili.

Ka zauna inda allon zanenka da allon launinka duka suke cikin inuwa. Wanda ya yi zane rana na dukan allonsa, ya shiga ɗaki zai tarar komai ya yi duhu ƙirin, domin idonsa ya yi ta rage haske bai sani ba. Inuwar kwakwa mai 'ya'ya dai a bar ta, ko da ita ce mafi sanyi a wurin, kada kwakwa ta faɗo maka a ka.

Mataki na huɗu: haske da duhu kafin launi

Ka ƙanƙance idanu har ganyaye su ɓace, ya rage sai manyan dunƙule. Yawanci huɗu za ka gani: sama ce mafi haske, sai ƙasa ko yashi, sai gangaren tudu, sai bishiyoyin da ke tsaye, su ne mafi duhu. Yi ƙananan zane uku da fensir, kowanne bai fi tafin hannu ba, ka zaɓi ɗaya. Minti 10 ke nan, kuma su ne suke cetar sauran sa'a biyun. A nan ake yanke shawarar abin da za a bari. Kurmi yana ba ka abu dubu, kai kuwa ɗaya kake nema: hanyar da ta kutsa cikin duhu, ko kwakwa uku da suka ranƙwafa kan ruwa.

Mataki na biyar: kore

Nan ne aikin yake. Je ka tsaya kusa da ganyen ayaba guda da safe, ka yi minti biyar kana kallonsa. Inda saman ganyen ke fuskantar sama, sheƙinsa yana ɗaukar launin sararin, sai ya zama toka-toka mai ɗan shuɗi, wani wurin ma kusan fari. Inda rana ta ratsa shi ta baya, rawaya ce mai ɗan kore, tana ci kamar fitila, jijiyoyin ganyen a jere a ciki. Ƙarƙashinsa, inda wani ganyen ya rufe shi, duhu ne mai ɗumi da ya ɗebo jan ƙasa daga ƙasa. Gefen da iska ta yayyaga ya bushe ya koma ruwan ƙasa. Ganye ɗaya ke nan, kuma koren bututu bai fito ko sau ɗaya ba.

Don haka kafin burushi ya taɓa allo, ka haɗa tsibi biyar da wuƙa. Altramarin da rawayar kadmiyom suna ba da kore mai natsuwa, shi ne na yawancin ganye. Baƙi da rawaya suna ba da kore mai duhu-duhu irin na tsohon ganye, kuma nan ne baƙin yake da amfani. Altramarin da rawayar ƙasa da ɗan fari, wannan na tuddan nesa ne. Koren PG7 da ja mai sanyi suna ba da duhun da ya fi baƙi zurfi, na cikin kurmi. Tsibi na biyar, rawaya tsantsa da ɗigon kore, na ganyen da rana ta ratsa ne, kuma shi ake yi wa rowa. Wuri uku ko huɗu a duk zanen sun isa. Idan ya bazu ko'ina, ba sauran abin da zai yi ƙyalli.

PG7 ɗin nan a yi hattara da shi. Gwargwadon kan ashana zai rine tsibi guda. Ni ban taɓa barinsa ya hau allo shi kaɗai ba, sai na karya shi da ja ko jar ƙasa. Kuma idan kana son kore ya yi haske, rawaya za ka fara ƙarawa. Fari yana sanyaya shi ya mai da shi kamar alli, sai ganyen da ke cikin rana ya yi kama da wanda ƙura ta rufe.

Mataki na shida: shafawa

Duhu kafin haske, nesa kafin kusa, babban burushi kafin ƙarami. Shimfiɗar farko ta zama siririya, an sirka ta, babu ƙarin mai. Ta biyu fenti kamar yadda ya fito. Ta ƙarshe ce za ka iya sa wa ɗan mai ko ka ɗora ta da kauri. Dalilin shi ne fentin mai ba ƙafewa yake yi kamar ruwa ba, iskar oksijin yake sha a hankali ya daskare. Idan na sama ya riga na ƙasa bushewa, na ƙasan yana ci gaba da motsi, sai saman ya tsage. Shekaru bayan nan ake ganin sakamakon.

Duhun kurmi ka bar shi siriri, har jar ƙasar da ka share fage da ita ta riƙa leƙowa. Hasken kuwa ka ɗora shi da kauri, shafa ɗaya, ka ɗauke hannu. Komawa kansa sau biyu sau uku shi ke dama shi da duhun da ke ƙasa ya zama taɓo.

Bishiya dunƙule ce, a haka za ka fara ta. Bayan ta tsaya, sai ka ɗebo launin sama ka huda ta da 'yan tagogi inda sarari ke leƙowa. Launin tagogin ya ɗan fi na sararin duhu, in ba haka ba sai su yi kamar an liƙa takarda. Reshen kwakwa kuwa, fara da ƙashin bayansa, lanƙwasa ɗaya, sannan ka ja ganyayen daga jikinsa zuwa waje da gefen burushi mai faɗi, kana rage nauyin hannu. Kada ka ƙirga su. Rassa biyu ko uku ka fito da su sosai, sauran ido zai ƙarasa.

Iskar yankin zafi cike take da laima, shi ya sa nesa take saurin dushewa. Tudun da ke bayan na farko ya fi shi haske, ya fi shi shuɗi, gefensa kuma ya fi laushi. Ruwan gaɓa mai yashi a ƙasa kore-kore ne mai haske, yana ƙara shuɗi da duhu yayin da yake zurfi. Hoton da ruwa ke nunawa kamar madubi ka ja shi daga sama zuwa ƙasa, sannan ka gitta shi da 'yan layuka a kwance.

Ƙwaro zai faɗa cikin fentin, babu makawa. Ƙyale shi. In ya bushe, bakin wuƙa zai ɗauke shi ba tabo.

Mataki na bakwai: bushewa

Launukan ƙasa sukan bushe a kwana ɗaya ko biyu, kadmiyom da farin titaniyom kan kai mako, laima kuma tana ƙara jinkirin. Na taɓa jera zane shida a cikin kabad lokacin ruwan sama don gudun ƙura. Da na buɗe bayan wata biyu, farin gajimarensu ya yi rawaya, bayan ƙyallen biyu daga ciki fumfuna ta yi masa ɗigo-ɗigo. Rawayar ta tafi bayan sun sha hasken ɗaki na 'yan makonni, domin man linsid a duhu yake rinewa. Tabon fumfunar bai tafi ba. Tun daga nan a tsaye nake ajiye su, da rata tsakani, nesa da bango mai danshi, inda iska ke ratsawa kuma rana ba ta dukansu kai tsaye.

Man sheƙin da ake rufe zane da shi sai bayan wata 6 zuwa 12. Tsumman da ya sha man linsid kuwa kada a cukuikuye shi a jefa kwando, yana iya ɗaukar zafi ya kama wuta da kansa. A shanya shi a baje, ko a nutsa shi cikin gwangwani mai ruwa da murfi.

Mataki na takwas: koma wurin

Henri Rousseau ya zana kurmi mai ban tsoro bai taɓa barin Faransa ba, lambun tsirrai na Faris ya riƙa zuwa. Frans Post, ɗan Holan, ya je Burazil a 1637 ya dawo a 1644, ya ci gaba da zana ta daga gida har tsufansa. Wanda ya jera zanen da Post ya yi a can da na bayan dawowarsa zai ga bambanci: na can shiru ne, sarari ne mai faɗi da launi kaɗan, na baya kuma sun cika da tsirrai da dabbobi da shuɗi mai yawa. Haka tunani yake yi wa wuri, yana ƙara masa ado. Babban zane a ɗaki ake yinsa, wannan ba laifi, amma ƙananan da ka yi a fili su za ka jera a gabanka. Hoton waya yana taimakawa wajen siffa, sai dai yana mai da inuwa baƙa ƙirin, ya ƙone sama ta yi fari, ga shi cikin inuwar nan ne launukan kurmi suke.

Ni wuri ɗaya nake komawa, wata 'yar kwana inda rafi ke fita daga cikin itatuwa. A bayan kowane allo ina rubuta kwanan wata, da ƙarfe nawa na fara, da yanayin sama, da launukan da na haɗa. Idan na fita gobe, tsibin duhun kurmi zan ƙara wa ja, domin allo uku na baya duk sun nuna ina sanyaya shi fiye da yadda yake.