Darasi na 6: Ajiye masara ta kai wata damina

A garuruwan noma da ke kewaye da Jos, irin su Mangu, Bokkos da Barikin Ladi, damina takan faro daga Afrilu ta kai Oktoba. Masara kuwa sau da yawa tana nuna ruwa bai gama ɗaukewa ba. Daga nan asarar gidaje da yawa take farawa: a kwashe amfani da danshinsa a zuba a buhu, kafin bazara rabi ya zama gari.

Shanya

Kada a baza masara a kan ƙasa tsura ko a gefen kwalta. Ƙasa tana mayar mata da laima, ga tsakuwa da kashin dabbobi. A shimfiɗa tamfol ko tabarma, a baza ta ba kauri, a riƙa juyawa sau uku ko huɗu a wuni. Da la'asar a tattara a rufe, domin raɓar Filato tana da yawa, dare ɗaya ya isa ta ɓata shanyar wuni guda. Tun a goyo a ware wadda ta ruɓe ko ta yi fumfuna. Irin wannan fumfuna tana iya fitar da gubar da ke lalata hanta, kuma dahuwa ba ta kashe ta. Kada a ba kaji ma.

Ta yaya za a san ta bushe? Masana sun ce danshinta kada ya wuce kashi 13 cikin 100. Ba kowa ke da na'urar awo ba, amma kowane gida yana da gishiri. A samu kwalba busasshiya mai murfi, a zuba ƙwayar masara ta kai kashi ɗaya cikin uku, a ƙara busasshen gishiri cokali 2. A rufe, a girgiza na minti ɗaya, a ajiye minti 15, a sake girgizawa. Idan gishirin ya manne a jikin kwalba, da sauran shanya. Gwajin haƙori, wato a ciza a ji ta ce ƙas, yana taimakawa, sai dai yakan ruɗi mutum. Na kwalba ya fi.

Zubawa a buhu

Bayan an ɓare, a sheƙe sosai. Ƙwari sun fi saurin kama fasasshiyar ƙwaya da dusa.

Buhun da ya fi dacewa shi ne mai leda biyu a ciki da buhun saƙa a waje, wanda ake kira PICS. Ba ya buƙatar magani. Iska ce ba ta shiga, sai ƙwarin da ke ciki su shaƙe wadda ta rage su mutu. Saboda haka huda ɗaya ƙarama ta isa ta rushe aikin. Kafin a zuba komai, a buɗe kowace leda ta cika da iska, a riƙe bakinta a matsa, a saurara ko tana fita. Sai a sa leda cikin leda, a sa su cikin buhun. A zuba masara ana girgizawa, a bar wajen ɗauri. A matse iskar ledar ciki, a murɗa bakinta, a lanƙwasa, a ɗaure. A yi wa ta biyu haka, sannan buhun waje. Kowanne da ɗaurinsa. Masu haɗa ukun da igiya ɗaya su ne ke dawowa suna cewa buhun bai yi ba. Idan kuma masarar ba ta bushe ba, leda ba za ta cece ta ba, tsami za ta yi.

Buhunan su hau kan katako ko duwatsu, kada su jingina da bango. A share ɗakin, a toshe ramukan ɓeraye. Wanda za a riƙa ɗiba kullum a ware shi daban, sauran kada a buɗe su sai lokacinsu ya yi.

Gargaɗi kan ƙwayar maganin hatsi

Ƙwayar nan da ake sayarwa a kasuwa ana jefawa cikin buhu, iskar guba take fitarwa. Tana kashe mutum kamar yadda take kashe ƙwaro. Kada a taɓa ta da hannu tsirara, kada a yi amfani da ita a ɗakin da ake kwana ko wanda ke manne da shi. Maganin feshin gona kuwa ba shi da hurumi a cikin abinci ko kaɗan. Mai shakka ya tambayi malamin gona.

Aikin yi

1. Gidan da ke cin mudu 2 a rana, mudu nawa zai ci a kwana 30? Nawa zai ci a wata 10?
2. Auna mudu nawa ne a buhun garinku, ka lissafa buhu nawa gidanka ke buƙata kafin ka kai saura kasuwa. Kada ka manta da iri da zakka.
3. Rubuta matakan gwajin gishiri a littafinka, ka karanta wa na kusa da kai.