Yadda Ake Nutso Kan Jiragen Yaƙin da Ke Ƙarƙashin Ruwan Scapa Flow

A ranar 21 ga Yunin 1919 sojojin ruwan Jamus suka nutsar da jiragensu 52 da ke tsare a Scapa Flow, wani yankin teku a tsakiyar tsibiran Orkney na arewacin Sikotilan. An tsamo mafi yawansu daga baya, amma manya bakwai suna nan kwance, kuma su ne masu nutso suke zuwa gani.

Da farko, ka koyi amfani da rigar nutso wadda ruwa ba ya shiga cikinta, domin ko a ƙarshen lokacin zafi ɗumin ruwan bai cika wuce digiri 13 ba. Sanyi yana sa mutum ya riƙa zuƙar iska da sauri, yatsunsa kuma su sandare, saboda haka ka haɗa da safar hannu da hular nutso masu kauri.

Sai ka nemi gurbi a jirgin masu nutso daga garin Stromness, ka tabbatar an sami izinin hukumar tashar jiragen ruwa. An hana nutso kan HMS Royal Oak, wani jirgin yaƙin Birtaniya da ya nutse a wurin, domin kabarin sojojin da suka mutu a 1939 ne.

Shawarata ita ce, cikin jiragen Jamus bakwai ɗin, ka fara da Karlsruhe, wanda zurfinsa kusan mita 25 ne, ka bar Markgraf mai kusan mita 45, wanda ya kife, sai hannunka ya faɗa. Ka sauka ta igiyar da aka ɗaura a jikin jirgin da ya nutse, kana ƙara wa rigarka iska kaɗan-kaɗan don kada ta matse ka.

Idan ka isa, ka rage sauri. Farare da jajayen halittu masu kama da curin auduga sun lulluɓe ƙarfen, suna buɗewa idan ruwa ya motsa. Haska tocila cikin ɓaraka za ka ga ƙaguwa ta maƙale, ko dogon kifi mai siffar maciji ya leƙo da kai. Kada ka kaɗa ƙafa kusa da ƙasa, laka takan tashi ta rufe gani. Ɗaukar ko da ƙusa laifi ne a doka, kuma shiga cikin jirgin yana buƙatar horo na daban, tunda ƙarfen ya ruɓe.

Wajen hawowa, ka taso a hankali, ka dakata minti 3 a mita 5, tare da abokin nutsonka, kafin ka fito fili.