Yadda mai ciwon suga zai riƙa tafiyar ƙafa a Legas

1. Fara sanar da likitanka, musamman in kana allurar insulin ko kana da ciwon zuciya.

2. Zaɓi lokaci. Bayan cin abinci ya fi, don a lokacin sugan jini ke hawa, kuma tsokar ƙafa tana zuƙe shi in tana aiki. Minti 10 zuwa 15 bayan tuwon dare ya isa a farko. Daga baya ka kai minti 30 a rana, kwana biyar a mako, wato minti 150.

3. Nemi layi marar cunkoso. In da safe za ka fita, a Agege ko Idi-Araba, bayan Asuba titi ya fi sarari, kafin motocin haya na danfo da 'yan Keke su cika shi. Kula da bakin kwata.

4. Sa takalmi rufaffe da safa. Silifas ba na wannan aiki ba ne. In ka dawo, duba tafin ƙafa da tsakanin yatsu, domin ciwon suga na kashe jijiyoyin ƙafa, mutum ya taka ƙusa bai ji ba.

5. Riƙe ruwa da alewa a aljihu. In jiri, karkarwa ko gumi mai sanyi ya taso, alama ce sugan jini ya sauka da yawa, tsaya ka sha alewar nan take.