Yadda ake koya wa yaro ɗebewa ta hanyar canjin kuɗi

Yaron da ya tashi a unguwar Agege ko Idi-Araba a Legas ya san canji tun kafin a sa shi makaranta, domin ya sha ganin kwandastan danfo, wato bas ɗin haya, yana jayayya da fasinja a kan takardar naira dubu, kuma an sha aikensa kanti ya dawo da ragowar kuɗi daidai. Duk da haka, idan aka rubuta masa 432 aka ce ya ɗebe 158, sau da yawa sai ya kawo 326, saboda ya bi kowane layi ya cire ƙaramar lamba daga babba ba tare da ya kula da wadda ke sama ba. Tushen kuskuren shi ne bai gane cewa 3 da ke tsakiyar 432 talatin take nufi ba, kuma ana iya fasa ta kamar yadda ake fasa kuɗi.

Da farko a tanadi kwanoni uku a jera su, na dama na ɗaiɗai, na tsakiya na gomomi, na hagu na ɗaruruwa. A yanka kwali a rubuta 10 a wasu, 100 a wasu, ko kuwa a yi amfani da takardun gaske, wato naira goma mai hoton Alvan Ikoku da naira ɗari mai hoton Obafemi Awolowo. Tun da kwandalar naira ɗaya ta yi wuyar gani, ƙwayar wake ko murfin kwalba ya isa ya tsaya a madadinta. A ajiye takardun ashirin, hamsin, ɗari biyu da ɗari biyar a gefe tukuna, domin rubutun lambobi a kan goma-goma yake tafiya, su kuwa waɗannan za su rikita tsarin.

Daga nan a sa yaron ya gina lambobi da hannunsa har sai ya saba. Idan an ce 432, ya zuba ɗari huɗu a hagu, goma uku a tsakiya, wake biyu a dama. A fara da ɗebewar da ba ta bukatar canji, kamar 432 a cire 121, wadda ba za ta ɗauke shi lokaci ba.

Mataki na uku shi ne zuciyar aikin, kuma a nan ya kamata a daɗe. Babba ya zauna a matsayin mai canji, ya ce wa yaron ya biya 158 daga cikin 432 da ke gabansa, ya fara daga dama. Wake biyu ba za su biya takwas ba, don haka sai yaron ya ɗauki goma guda daga kwanon tsakiya ya miƙa, a ba shi wake goma, su zama sha biyu, ya biya takwas, saura huɗu. A tsakiya yanzu goma biyu ne suka rage, ana kuwa neman biyar, sai ya fasa ɗari guda ya karɓi takardun goma guda goma, ya biya biyar daga sha biyu, saura bakwai. A hagu ɗari uku suka rage, ya biya ɗaya, saura biyu, amsa ta zama 274. Sai bayan ya yi wannan da hannu sau da dama za a ɗauko littafi, a nuna masa cewa soke 3 a rubuta 2 a samanta shi ne fasa goman da ya yi ɗazu.

Malamai da yawa suna kiran wannan mataki aro, ni kuwa ina ganin kalmar tana ɓatar da yaro. Abin da aka ara, kamar tsintsiya ko tabarma, shi ake mayarwa, a nan kuwa babu abin da ke komawa, kuɗin nan ne dai aka sauya musu kama. Kalmar canji ta fi dacewa, kuma ita ce yaron Legas yake ji kullum.

Bayan haka a kawo masa lamba mai sifiri a tsakiya, kamar 503 a ɗebe 267, domin a nan ne har manyan ɗalibai suke tuntuɓe. Kwanon gomomi babu kome a cikinsa, saboda haka dole a yi canji sau biyu, a fasa ɗari ta zama gomomi goma, sannan a fasa ɗaya daga cikinsu, a bar tara. Bakwai daga sha uku shida, shida daga tara uku, biyu daga huɗu biyu, amsa 236. Sifiri, wanda sunansa ya zo mana daga Larabci, aikinsa a nan ya riƙe wa gomomi gurbinsu, don kada 503 ta koma 53. Masanin Indiya Brahmagupta ya rubuta ƙa'idojin lissafi da shi tun shekarar 628.

A ƙarshe a koya masa ya riƙa duba amsarsa da tarawa. Idan ya tara 274 da 158 zai koma 432, alhali 326 da 158 suna kai shi 484, sai ya gane da kansa cewa akwai gyara. Ana iya haɗa wannan da dabarar masu sayar da tumatir da albasa a kasuwar Mile 12, waɗanda suke lissafin canji ta hanyar hawa: an yi cinikin naira 650 an miƙa dubu, sai su ce hamsin ta cika ɗari bakwai, ɗari uku ta cika dubu, canji 350. Harshe ma yana taimakawa, tun da Bahaushe yakan ce ashirin ba ɗaya yana nufin 19, maƙwabtansa Yarbawa kuma suna kiran 45 da abin da ke nufin hamsin ba biyar. A ce wa yaron ya faɗi 98 ta wannan salo, in ya ce ɗari ba biyu, sai a ba shi 100 a ɗebe 2 ya rubuta a littafi.