Yadda Za Ka Tara Kalmomin Turanci Daga Littafin Labarin da Aka Sa Muku a Makaranta

Da zarar jarrabawa ta matso, sai ka ga ɗalibai daga Rigasa, Kawo da Tudun Wada sun yi wa masu sayar da littattafai tsinke suna neman taƙaitaccen bayanin littafin labarin da aka sa musu. Shi littafin kansa kuwa yana jaka, ko bangonsa bai lanƙwashe ba. Lissafin nan ba ya fita. A jarrabawar JAMB tambayoyin Turanci 60 ne, 10 kacal suka shafi labarin. Da yawa daga sauran 50 ɗin ƙarfin kalmominka suke gwadawa: cike gurbi, kishiyar kalma, kalma mai makusanciyar ma'ana. Waɗannan kalmomi a cikin littafin suke, taƙaitawa kuwa su take fara zubarwa.

Tanadi kaɗan ake bukata: fensir, littafin rubutu mai falle 40 da ba za ka haɗa shi da wani darasi ba, da ƙamus na masu koyo, irin na Oxford ko Longman, wanda ke kawo misalin jimla ƙarƙashin kowace ma'ana. Na takarda ko na waya duk ɗaya ne, sai dai wayar tana da WhatsApp a ciki, ka san sauran zancen.

Fara da karanta babi guda daga farko har ƙarshe ba tare da ka taɓa ƙamus ba. Kalmar da ta shige maka duhu, ɗiga mata fensir a ƙasa ka wuce. In littafin na makaranta ne ko na aro, rubuta lambar shafi a wata takarda. Mai tsayawa a kowace kalma ba ya kai shafi na 10 sai labarin ya fita daga ransa.

Da ka gama, ƙirga ɗigon da ke shafi ɗaya. Masana koyon harshe irin su Paul Nation na ƙasar New Zealand sun nuna cewa sai mutum ya san kusan kashi 98 cikin 100 na kalmomin rubutu kafin ya karanta shi cikin sauƙi ba mai taimako. A shafi mai kalma 300, baƙin kalmomi 6 ke nan. In naka sun ninka haka sau biyu ko uku, ba abin kunya ba ne. Maimaita babin kafin ka ci gaba, za ka ga wasu sun warware da kansu.

Sai zaɓe, kuma a nan aikin yake. Kada ka kwashe duka. Ɗauki 8 zuwa 10 a babi. Fifita kalmar da ta fito sau biyu ko fiye, da wadda in babu ita ba za ka gane abin da ya faru ba, da masu bayyana hali da yanayin zuciya irin su reluctant, furious da humble, don su ne za su yi maka aiki idan aka ce ka bayyana halin wani a labarin. Sunan wani tsuntsu ko tsohuwar karusa da ya gifta sau ɗaya, bar shi ya tafi. Ka kuma yi hattara da ƙananan kalmomin da kake zaton ka sani. Kowa ya san put, amma put off ɗage abu ne, put up with kuwa haƙuri da abu. Irin waɗannan sun fi dogayen kalmomi kayar da ɗalibi, domin ba ya ma lura cewa bai gane ba.

Kafin ka buɗe ƙamus, yi hasashe. Suna ce ko aikatau ko sifa? Yabo ake yi ko kushe? Rubuta abin da ka zata, sannan ka duba. Ma'ana ta farko a ƙamus ba lallai ita ce taka ba, bi su ɗaya bayan ɗaya har ka sami wadda ta zauna daidai a jimlar marubucin.

A littafinka na rubutu, kowace kalma ta shiga da jimlar da ka tsince ta a ciki, da ma'anarta a Turanci mai sauƙi (in Hausa ta fi kama maka, ƙara ta a gefe), da danginta. Yadda karanta, karatu da makaranta suka fito daga tushe ɗaya, haka decide, decision, decisive da indecisive. Ƙarshe ka gina jimlarka da abin da ka sani: direban Keke da ya yi reluctant wajen shiga Kasuwar Barci da yamma ya fi zama a ƙwaƙwalwa fiye da misalin ƙamus.

Bita kuma tilas ce. Tun 1885 Bajamushe Hermann Ebbinghaus ya nuna cewa mantuwa ta fi sauri a sa'o'in farko bayan koyo. Duk wanda ya yi makarantar allo ya san hadda ba ta zama sai da tilawa. Koma wa kalmomin washegari, sai bayan kwana 3, sai bayan mako, sai bayan wata. Rufe ma'anar da hannu ka faɗa da baki tukuna. Wadda ta kuɓuce, mayar da ita layin gobe.

Ranar Asabar ku haɗu ku uku ko huɗu, kowa ya ba da labarin babin makon da Turanci yana saka kalma 5 daga nasa littafin. Sannan ku yi irin tambayar da WAEC ke yi a sashen auna fahimta: a ciro kalma daga jimla, a nemo wata da za ta maye gurbinta ba tare da ma'ana ko nahawu sun taɓu ba. In kalmar aikatau ce a shuɗaɗɗen lokaci, amsar ma haka za ta zo. Wanda ya ba da leave a madadin departed ya faɗi, left ake nema.