Idan tarantularka ta kwanta rigingine, janye hannunka

Na gaji da jin labari iri ɗaya. Mutum ya sayi tarantula, babban gizo-gizon nan mai gashi da ake kiwo a akwatin gilashi, ya yi wata biyar ko shida yana jin daɗin kallonta, wata safiya ya leƙa ya same ta kwance rigingine, ƙafafu a sama, ko motsi babu. Hankalinsa ya tashi, ya kai hannu ya juya ta. Bayan kwana biyu ya zo yana tambayar wace cuta ce ta kashe ta. Babu wata cuta. Saɓa take shirin yi, shi ya katse ta.

Ni ma na yi wannan ɓarnar, shi ya sa nake faɗa da zafi. Tarantulata ta farko Brachypelma hamorii ce, 'yar asalin Meziko mai jan gwiwa, irin da macenta kan haura shekara 20 idan ta samu kulawa. Wata bakwai tana hannuna ba ta taɓa saɓa ba. Ranar da na same ta a rigingine na ɗauka faɗowa ta yi ta kasa tashi, na sa cokali na mayar da ita kan ƙafafunta. Bayan awa guda ta sake juyawa, na sake mayar da ita. Sau biyu dabbar nan tana gaya mini abin da take so, sau biyu ina hana ta. Da dare ta fara saɓar a tsaye, ƙarfinta ya riga ya ƙare, ƙafa uku suka maƙale a tsohon ɓawo, a kwana na uku ta mutu. Garin neman gira na rasa ido, kuma har yau idan na tuna raina yana ɓaci.

Da na san abin da ke faruwa a jikinta da ban kusance ta ba. Tarantula ba ta da ƙashi a ciki, ɓawon jikinta shi ne ƙashinta, kuma ɓawon ba ya girma. Dole ta gina sabo a ƙarƙashin tsohon, sannan ta fita daga tsohon ɗungurungum. Ba fatar waje kaɗai take tuɓewa ba: har murfin fiƙoƙinta, da rufin maƙogwaronta, da na tumbin da take tsotsar abinci da shi, da rufin huhunta guda huɗu da ke ƙasan ciki. Tana tura jini zuwa gaban jiki har murfin baya, wato ɓawon da ke rufe saman gaban jikin, ya tsage ta gefe ya buɗe, sannan ta riƙa zare ƙafafu takwas da hannayen gaba biyu a hankali, tana turawa tana hutawa. Kwanciyar rigingine ita ke ba ta damar tura tsohon ɓawon sama ba tare da nauyin jikinta ya danne ƙafafun ba. Ƙarama kan gama cikin ƙasa da awa guda. Babba kan yi awanni a kwance kafin ma ta soma, wani lokaci aikin ya cinye yini. Kuma lokacin ƙayyadadde ne, domin sabon ɓawon ba ya jimawa zai fara tauri. Duk abin da ya firgita ta ya tsayar da ita, daga cikin wannan lokacin yake ci.

To ta yaya ake gane mai mutuwa? Mai mutuwa ba kasafai take kwanciya rigingine ba. A kife za ka same ta, ƙafafu sun ƙudundune a ƙarƙashin jiki kamar hannun da aka dunƙule. Dalilin yana cikin ginin ƙafar: tsoka ce ke lanƙwasa ta, amma a manyan gaɓoɓi matsin jini ne ke miƙe ta. Idan ruwan jiki ya yi ƙasa, matsin ya faɗi, sai ƙafafu su naɗe. Wadda ka gani a haka, ruwa take bukata da gaggawa, ka matso da kwanon ruwa har bakinta. Wadda ka gani a rigingine kuwa, musamman a kan shimfiɗar yana da ta saƙa a daren, ka rufe akwatin ka bar wurin. Kada ka hura mata iska don ka ga ko tana da rai, kada ka ƙwanƙwasa gilashi, kada ka ɗaga akwatin zuwa wurin haske don ɗaukar hoto. Ni abin da nake yi shi ne in leƙa da ƙaramar tocila bayan kowace awa biyu, daga nesa. Matacciya za ta yi wari cikin 'yan kwanaki, babu abin da ka rasa idan ka jira.

Kuskure na biyu da ya ci ni shi ne gyare. Ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido. Ina da wata matashiyar Tliltocatl albopilosus, mai murɗaɗɗen gashi ta Amurka ta Tsakiya, ta toshe bakin raminta da ƙasa da yana. Na jefa mata gyare guda da yamma, da safe ban gan shi ba, na ce ta ci. Ashe ɓoyewa ya yi a bayan ɓawon itace. Na yi tafiyar kwana uku. Da na dawo na tarar ta yi saɓa lafiya lau, tsohon ɓawo a gefe cikakke, amma cikinta a huje, gyaren yana nan da ransa ya yi ƙiba. Gyare yana cin duk abin da ya samu, kuma tarantular da ta fito daga saɓa laushinta kamar jiƙaƙƙiyar takarda, ba ta iya cizo, ba ta iya gudu.

A nan nake son sababbin masu kiwo su saurare ni da kyau, domin wannan sakaci ne tsantsa, ba rashin sa'a ba. Kun jefa abinci kun juya baya, kun ce ai ita ce mafarauciya. Wa ya gaya muku kullum haka take? Ku ƙirga abin da kuka zuba. Idan ɗaya kuka sa, ku tabbatar kun ga ɗayan a bakinta ko kun fitar da shi da hantsaki. Mutane da yawa suna cewa a bar shi awa 24. Ni ba na kai haka: idan ba ta kama cikin minti 15 ina tsaye ba, na cire. Tsutsar da ake ba su ta fi gyare haɗari a wani fannin, domin tana nutsewa cikin ƙasa ta ɓace, bayan makonni ta fito a matsayin ƙwaro mai baki. Ina murƙushe kanta kafin in ajiye, haka ma kyankyason da ke tona ƙasa. Ƙananan tarantuloli ma ba na ba su mai rai sam, suna cin wanda aka kashe ba gardama.

Tushen wannan kuskuren shi ne tsoron yunwa. Mutum ya ga ta ƙi abinci mako biyu sai ya riƙa tura mata gyare kullum, yana zungurinta da shi. Ƙin abinci shi ne alamar farko ta kusantowar saɓa, kuma a wurin babba yakan ɗauki makonni ko watanni. Grammostola rosea ta ƙasar Cile ta yi suna wajen yin watanni da yawa ba ci ko da ba saɓa a gabanta. Abin dubawa shi ne cikinta: muddin a cike yake, bai yamutse ba, ba ta cikin wani hali. Sauran alamun kuwa, launinta zai dushe, tafiyarta ta yi nauyi, ta riƙa zamewa idan ta hau gilashi. Nau'o'in nahiyar Amurka da ke karkaɗe gashin cikinsu mai ƙaiƙayi sukan yi sanƙo a wurin, kuma idan sanƙon ya tashi daga launin fata ya koma baƙi mai sheƙi, sabon gashi ne kake hangowa ta ƙarƙashi, saura kwanaki. Sanƙon shi kansa ba ciwo ba ne, saɓa za ta mayar da gashin.

Wadda ta toshe raminta kuma, don Allah ku bar ta. Na san wuyar zaman wata biyu kana kallon akwatin da babu komai sai ƙasa. Amma wanda ya tona don ya duba lafiyarta, sau da yawa a tsakiyar saɓa yake rusa mata rami a ka. Ita ta rufe ƙofar, ita za ta buɗe.

Bayan an gama ma akwai inda ake zamewa. Za ta jima a rigingine tana miƙa ƙafafu tana lanƙwasawa, kada gaɓoɓin su sandare, sannan ta juya da kanta. Kada a ba ta abinci sai fiƙoƙinta sun yi tauri. Da farko farare ne, sai su koma ja, sai baƙi. Sai sun yi baƙi ƙirin. Ƙarama takan kai nan cikin kamar mako guda, babba ina ba ta mako biyu cur, manya-manya irin Theraphosa blondi har fiye da haka. Fiƙar da ta karye ko ta lanƙwashe ba ta gyaruwa sai a saɓa ta gaba, kuma ga babbar mace wannan yana iya zama shekara guda, tana fama da cin abinci duk tsawon lokacin. Ɗaukarta a hannu ko sauya mata akwati a waɗannan makonni ma haramun ne a wurina.

Ruwa shi ne taimakon gaske, kuma tun kafin ranar ake ba da shi. Abin da ke raba tsohon ɓawo da sabo ruwa ne daga cikin jikinta, don haka wadda ta sha ta ƙoshi a makonnin baya ita ke fita cikin sauƙi. Kwano marar zurfi, cike da ruwa mai tsabta, kullum. Ban da soso ko auduga a ciki, ba ta bukatarsu, ƙazanta kawai suke tarawa. Masu ganin ta kwanta su ɗauko abin feshi su jiƙa ta, kun makara, firgita ta kawai kuke yi. Masu toshe ramukan iska wai don laima ta taru, ku ne ke kashe Avicularia da Caribena versicolor, mazauna bishiya waɗanda iska mai tsayuwa ke hallakawa. Chromatopelma cyaneopubescens kuwa daga busasshen yankin Paraguana na Benezuwela take, jiƙaƙƙiyar ƙasa azaba ce gare ta. Ni dai nakan bar kwanon ya ɗan malala a kusurwa ɗaya, sauran ƙasar ta zauna yadda nau'in yake so.

Akwai ƙananan abubuwa da ba sai na tsawaita ba. Tabarmar ɗumama akwati kada ta shiga ƙarƙashi, domin tarantula ƙasa take tonawa idan zafi ya dame ta. Zafin ɗaki na digiri 21 zuwa 27 ya wadatar da yawancinsu. Tazarar da ke tsakanin ƙasa da murfi ga mazauna ƙasa kada ta wuce faɗin ƙafafunta sau ɗaya da rabi, faɗuwa tana fasa ciki. Murfin raga yana kama farata. Ƙwarin da aka kamo a waje suna iya zuwa da maganin feshi a jikinsu, haka hannun da ya shafa kare ko kyanwar da aka sa wa maganin ƙuma.

Idan saɓa ta maƙale da gaske fa? Ina sa hannu ne kawai idan murfin baya ya riga ya buɗe, awanni masu yawa sun wuce babu ci gaba ko kaɗan, kuma na ga sauran jikin ya fara duhu. Sai in jiƙa burushin zane mai laushi da ruwa mai ɗumi-ɗumi in shafa daidai inda ya kama, ina kiyaye kada ruwa ya kai huhu. Ba na ja. Idan ƙafa ɗaya ce ta maƙale, nakan bar ta, domin tana iya yar da ƙafar da kanta daga gindi, wurin ya rufe, a saɓa ta gaba siririya ta fito, bayan saɓa biyu ko uku ta daidaita da sauran. Jininta ruwa-ruwa ne mai ɗan shuɗi kuma ba ya saurin daskarewa, saboda haka ina ajiye garin sitacin masara kusa, in barbaɗa kaɗan a inda ke tsiyaya. Wasu suna ɗauke mai rauni su sa ta a kofi da jiƙaƙƙiyar takarda. Na daina wannan tuni, ɗaukar da damshin suna ƙara mata wahala, gara ta zauna inda ta saba da ruwa a bakinta.

Tsohon ɓawon kada ka yi saurin cire shi, kada kuma ka yar. Bayan kwana ɗaya ko biyu, idan ta matsa daga wurin, ka ɗauke shi da hantsaki, ka jiƙa fatar cikin da ruwa mai ɗigon sabulu, ka buɗe a hankali. Tsakanin huhu biyu na gaba, mace tana da ɗan faifai ko jaka da take ajiye maniyyi, namiji wurin a shafe yake. Sanin wannan yana da amfani, domin namiji yana da saɓar ƙarshe: zai fito da dogayen ƙafafu, kan hannayensa na gaba ya kumbura, a nau'o'i da yawa da ƙugiya a ƙafafun farko. Daga nan zai rage ci, ya riƙa zagaye akwati yana neman mace, kuma yawanci shekara ɗaya zuwa biyu ta rage masa. Ka riƙa cika masa kwanon ruwa, ka rage tsayin da zai iya faɗowa daga kai, ka gwada shi da ɗan abinci duk bayan mako biyu.